Sharhi: Hanyar keken da aka soke a Fairfield da iyakar kyautar ƙungiyoyin masu hali a Amurka

A watan Satumban 2025 ma'aikatar sufuri ta Amurka ta aika wa hukumomin wasu garuruwa takardu, tana sanar da su cewa ta janye tallafin da aka riga aka yi musu alkawari domin gina hanyoyin keke da na masu tafiya a ƙasa. Cikin waɗanda takardar ta iske har da Fairfield, wani ƙaramin gari mai mutane kimanin 10,000 a jihar Alabama da ke kudancin ƙasar. Kuɗin da garin ya rasa dala miliyan 11.7 ne, wato sama da biliyan 6 na sefa, waɗanda da su ne za a shimfiɗa hanya mai tsawon kusan kilomita 6. Dalilin da ma'aikatar ta bayar shi ne aikin zai rage wa motoci fili a kan wani titi mai suna Vinesville, abin da ta ce ya saɓa wa manufarta ta barin tituna yadda suke, ko ma ƙara musu faɗi domin motoci.

Tafiyar da ba ta wuce minti 20 a mota ba daga Fairfield, a tsakiyar birnin Birmingham na Alabama, mai suna ɗaya da na Ingila, akwai wata hanyar da ke cikin taswira ɗaya da wadda aka soke. Ita an gama ta tun 2016, an yi mata shuke-shuke da kujeru da fitilu, kuma babu ministan da zai iya janye kuɗinta, domin mafi yawansu daga aljihun ƴan ƙungiyar Rotary ta birnin suka fito. Bambancin da ke tsakanin waɗannan hanyoyi biyu shi ne ke nuna abin da ƙungiyoyin hidimar al'umma ke iya yi wa gari, da kuma inda ƙarfinsu yake tsayawa.

Kyautar cika shekara 100

An kafa Birmingham a 1871 a mahaɗar layukan dogo, a wani kwari da Allah ya hore wa tama da kwal da dutsen farar ƙasa, wato duk abin da ake buƙata wajen narka ƙarfe. Garin ya bunƙasa cikin sauri, layukan dogo suka ratsa shi ta kowace fuska suna ɗauko tama daga ramukan haƙa zuwa masana'antu. Da masana'antun suka fara mutuwa, sai aka bar layukan haka nan, ciyawa ta rufe su, wasu suka zama juji.

Ɗaya daga cikinsu wani dogon rami ne da aka haƙa wa jirgin ƙasa a tsakiyar titin First Avenue South. Shekaru da dama babu jirgin da ya bi ta nan, sai shara da ruwan sama. Ƙungiyar Rotary ta Birmingham, wadda aka kafa a 1913, ta zaɓi wannan rami a matsayin kyautar da za ta yi wa birnin don tunawa da cikarta shekara 100. Mambobinta suka tara kimanin dala miliyan 3 da rabi, kusan biliyan 2 na sefa a canjin yanzu, aka share wurin, aka shimfiɗa hanya, aka kafa wani allon ƙarfe mai tsayin mita 14 a bakinta ɗauke da sunan ƙungiyar. An buɗe ta a watan Afrilun 2016 da sunan Rotary Trail. Tsawonta duka bai wuce mita 800 ba.

Takwararta Kiwanis ba ta yarda a bar ta a baya ba. Ita an kafa reshenta na Birmingham a 1917, kuma da nata bikin cika shekara 100 ya zo, sai ta nufi dutsen Red Mountain da ke kudu da birnin, inda mutum-mutumin Vulcan yake tsaye. Wannan mutum-mutumi mai tsayin mita 17, wanda aka ƙera domin baje kolin duniya na St. Louis a 1904, shi ne mafi girma a duniya cikin waɗanda aka yi da zubin ƙarfe. Kiwanis ta gyara dandalin da ke ƙarƙashinsa, ta kuma miƙa hanya ta kimanin kilomita 3 a kan tsohon layin dogon masu haƙar tama. An buɗe su a 2018.

Su wane ne ƴan kulob

A Nijar da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma an fi sanin Rotary ta hanyar yaƙi da cutar shan inna, wanda ta shiga gadan-gadan tun 1985, ita kuma Lions an fi saninta da taimakon masu ciwon ido. A Amurka, inda aka haife su, waɗannan ƙungiyoyi suna da wata fuska ta daban. Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa Rotary a birnin Chicago a 1905 shi da abokansa uku, Kiwanis ta biyo baya a Detroit a 1915, sai Lions a 1917. Tsarinsu kusan ɗaya ne: ƴan kasuwa, lauyoyi, likitoci, ma'aikatan banki da shugabannin makarantu suna haɗuwa sau ɗaya a mako, su ci abincin rana tare, su saurari baƙon da aka gayyata, su biya kuɗin ƙungiya, sannan su zaɓi aikin da za su yi wa gari. Aikin farko da Rotary ta yi a Chicago a 1907 shi ne neman a gina wa jama'a makewayi a tsakiyar birni.

Rassan Rotary da Kiwanis na Birmingham suna cikin mafiya girma a duniya, kowanne da mambobi sama da 500. Wanda ya samu kujera a teburinsu yana zaune ne kusa da masu bankuna, masu kamfanonin gine-gine da waɗanda ke iya kiran magajin gari a waya ya ɗauka. Nan ƙarfinsu yake. Idan irin wannan taro ya ce yana son a gyara wani lungu, kuɗi kan fito, takardun izini kan yi sauri, jaridu kuma kan ɗauki labarin.

Sai dai ƙofar shiga ba ta kasance a buɗe ga kowa ba. Mata ba su samu damar zama mambobi ba sai bayan hukuncin kotun ƙolin Amurka na 1987, kuma Rotary ba ta gyara dokarta a duniya baki ɗaya ba sai 1989. A Birmingham kanta, har a 1982 mambobin Rotary sun kaɗa ƙuri'ar ci gaba da hana baƙaƙen fata shiga, kamin uwar ƙungiyar ta duniya ta haramta irin wannan sharaɗi, reshen ya sauya dokarsa. Yau akwai baƙaƙe da mata cikin mambobi da shugabanni, amma wannan tarihi yana da nauyi a birnin da kusan kashi biyu cikin uku na mazaunansa baƙaƙe ne.

Taswirar kilomita 1,200

Da Rotary Trail ita kaɗai ce, da ba ta wuce wurin shan iska ba, domin mai keke zai gama ta cikin minti uku ya sake faɗawa cikin motoci. Abin da ya ba ta daraja shi ne ta zama gaɓa ɗaya a cikin wani babban tsari na gundumar Jefferson, wadda Birmingham ke zaman babban birninta.

Asalin tsarin yana da ban mamaki. A 1996 hukumomin gundumar suka sa hannu kan wata yarjejeniya a gaban kotu, bayan an kai su ƙara kan yadda magudanun ƙazantarsu ke zuba cikin koguna. Cikin sharuɗɗan har da ware dala miliyan 30 domin sayen filayen bakin ruwa a kare su, kuma daga nan aka samu ƙungiyar da a yau ake kira Freshwater Land Trust. Gyaran magudanun kuwa ya rikiɗe ya zama badaƙalar bashi da cin hanci, har gundumar ta kai kanta kotu a watan Nuwamban 2011 ta ce ta kasa biyan bashin da ya haura dala biliyan 4. A wancan lokaci babu wata ƙaramar hukuma a tarihin Amurka da ta taɓa karyewa da bashi mai yawan haka.

Ana cikin wannan hali ne, a 2012, Freshwater Land Trust da hukumar lafiya ta gundumar suka fito da taswirar da aka raɗa wa suna Red Rock: hanyoyin keke da na tafiya a ƙasa masu tsawon mil 750, kimanin kilomita 1,200. Wasu za su bi bakin rafuka da tsofaffin layukan dogo nesa da motoci, mafi yawa kuma za a ware musu gefe ne a kan titunan da ake da su. Kuɗin zana taswirar daga hukumar yaƙi da cututtuka ta tarayya suka fito, domin Alabama na cikin jihohin da ƙiba da ciwon suga da hawan jini suka fi yi wa katutu, kuma likitoci na ganin mutanen da ke da wurin tafiya lafiya lau sun fi motsa jiki.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun a 1925 kamfanin ƴan'uwan Olmsted, ƙwararru wajen tsara lambuna, ya ba Birmingham shawarar ta mai da bakin rafukanta wuraren shaƙatawa masu haɗe da juna. Kaɗan daga ciki aka aiwatar. Taswirar 2012 ita ma tana tafiya a hankali, domin bayan shekara goma abin da aka kammala bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Shi ya sa a 2023 aka fito da wani shiri mai gajeren zango: a gina sabbin kilomita kimanin 30 domin haɗa guntayen da ake da su, su zama da'ira ɗaya ta kusan kilomita 58 da za ta bi ta Birmingham, Homewood, Irondale da Fairfield. Hanyar da aka soke wani yanki ne na yammacin wannan da'ira.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya

Gundumar Jefferson na da garuruwa fiye da 30, kowane da magajin garinsa da majalisarsa da harajinsa. Hanyar keke kuwa ba ta san iyakar gari ba. Idan gari ɗaya ya shimfiɗa nasa kason, maƙwabcinsa bai yi ba, mai keke zai tarar da kansa a gefen titin da manyan motoci ke gudu. Saboda irin wannan ne dokar tarayya ta 1962 ta wajabta wa duk yankin birni mai mutane sama da 50,000 ya riƙa tsara harkar sufurinsa a dunƙule kamin ya samu kuɗin gwamnatin tarayya. A Birmingham akwai hukumar tsare-tsare ta yanki da ke wannan aiki, inda wakilan garuruwa ke zama su jera ayyuka bisa tsari.

Tun daga dokar sufuri ta 1991 ne gwamnatin tarayya ta fara ware wani kaso na musamman da za a iya kashewa kan hanyoyin keke da na ƙafa. Kamin nan, wata doka ta 1983 ta ba da damar a ajiye layin dogon da aka daina amfani da shi a mai da shi hanyar jama'a, maimakon a yanka filin a raba. Da waɗannan dokoki biyu aka mai da tsofaffin layukan dogo masu tsawon kilomita kusan 40,000 hanyoyin keke a faɗin ƙasar.

Amma kuɗin tarayya na da sharaɗi. A bisa al'ada gwamnati na biyan kashi 80 cikin 100, gari ya kawo kashi 20, kuma sau da yawa sai gari ya fara kashe nasa sannan a mayar masa. Kamin ma a kai nan, sai an biya injiniyoyi sun zana aikin, an biya masu rubuta takardar neman tallafi, an daidaita da masu filaye. Garin da ke da kuɗi yana iya yin duk wannan ba tare da ya ji a jikinsa ba. Garin da ke fama da biyan albashin ƴan kwana-kwana kuwa, ko takardar neman ba zai iya cikawa ba.

A nan ne ƙungiyoyi irin su Rotary da Kiwanis da gidauniyoyin attajirai suke da amfani fiye da abin da ido ke gani. Kuɗinsu kan biya zanen farko, ko ya cike kashi 20 ɗin nan, sunansu a ƙasan takarda kuma kan nuna wa jami'an Washington cewa mutanen gari na bayan aikin. Tarihin Vulcan kansa shaida ne. Ƴan Kiwanis ne suka yi ta fafutuka a shekarun 1930 har aka ɗauke mutum-mutumin daga filin baje koli aka kai shi kan dutse, amma kuɗin gina hasumiyar da lambun, da ma'aikatan da suka yi aikin, daga shirin samar da aikin yi na gwamnatin shugaba Roosevelt suka fito. An buɗe wurin a 1939. Ƙungiya ta kawo tunani da matsin lamba, baitulmali ya kawo kuɗin.

Me ya sa Fairfield ta fi jin jiki

Fairfield gari ne da aka gina a 1910 domin ma'aikatan masana'antar ƙarfe, kuma shekaru da dama arzikinsa na rataye ne a wuyan kamfanin U.S. Steel. A 2015 kamfanin ya kashe babban murhunsa na narka tama, ma'aikata kimanin 1,100 suka rasa aiki. A farkon 2016 katafaren kantin Walmart na garin ya rufe, ya tafi da wani babban kaso na harajin cinikin da hukumar garin ke dogaro da shi. A watan Mayun 2020 garin ya bi sahun gundumar, ya kai kansa kotu a matsayin wanda ya kasa biyan bashi. Kusan duka mazaunansa baƙaƙe ne, kuma a nan kwalejin Miles take, ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun da aka kafa domin baƙaƙen fata.

Gari irin wannan ba shi da kashi 20 da zai kawo. Abin da ya ba shi dama shi ne wani shirin gasa na ma'aikatar sufuri, wanda aka fara a 2009 da sunan TIGER, aka sauya masa suna zuwa BUILD a wa'adin farko na shugaba Trump, ya koma RAISE a zamanin Biden, yanzu kuma ya sake komawa BUILD. Dokar manyan ayyuka da Biden ya sa wa hannu a watan Nuwamban 2021 ta zuba wa shirin dala biliyan 1.5 a kowace shekara, ta kuma yarda a ɗauke wa yankunan da talauci ya daɗe a cikinsu nauyin kawo nasu kason. A watan Yunin 2024 aka sanar da ayyuka 148 da suka yi nasara, Fairfield na ciki.

Sanarwa kuwa daban, kuɗi a hannu daban. Tsakanin ranar da aka ce gari ya ci gasa da ranar da za a sa hannu kan yarjejeniyar da ke ɗaure gwamnati, akan ɗauki shekara ɗaya ko biyu ana binciken muhalli da zane. Ministan sufuri Sean Duffy ya sha cewa ya gaji ayyuka kimanin 3,200 da aka sanar amma ba a rattaba musu hannu ba. A watan Maris na 2025 ma'aikatarsa ta ba da umarnin a sake duba waɗanda suka shafi hanyoyin keke da sauyin yanayi, wata shida bayan nan takardun janyewa suka fita. Birnin Albuquerque na jihar New Mexico ya rasa dala miliyan 11.5 na tasa hanyar, haka ma wani aikin bakin kogi a jihar Connecticut.

Ga mazaunin unguwannin masu hali da ke kudu da Red Mountain, irin su Mountain Brook da Homewood, hanyar keke wurin motsa jiki ce da safe ko ranar Lahadi, motarsa na ajiye a gida. A yammacin gundumar lamarin ya wuce nan. Kimanin gida 8 cikin 100 a Amurka ba su da mota, kuma adadin ya fi haka nesa ba kusa ba a unguwannin talakawa. Jihar Alabama na cikin ƙalilan da ba sa ba motocin safa na birane ko sisi daga baitulmalinsu, domin wani gyaran kundin tsarin mulkinta na 1952 ya keɓe harajin man fetur ga tituna da gadoji. Wanda ba shi da mota a Fairfield, ƙafarsa ce ko kekensa, a gefen titunan da aka gina domin gudu. A 2022 da 2023, kowace shekara motoci sun kashe masu tafiya a ƙasa sama da 7,000 da masu keke sama da 1,000 a Amurka.

Akwai kuma tsohon miki. A farkon 1962 hukumomin Birmingham sun gwammace su rufe lambuna da filayen wasan birnin, sama da 60, da su bi umarnin kotu na barin baƙaƙe da farare su shiga tare. Bayan nan manyan titunan tarayya suka ratsa unguwannin baƙaƙe suka daddatsa su. Shi ya sa batun wa zai samu wurin tafiya da shaƙatawa, kuma a wace unguwa, ba ƙaramar magana ba ce a wannan yanki.

Hujjar gwamnati

Matsayin gwamnatin Trump yana da magoya baya, kuma hujjarsu ba ta rasa tushe ba. Asusun gina tituna na tarayya ya dogara ne da harajin man fetur na santi 18.4 a kan kowane galan, wanda ba a ƙara ba tun 1993. Masu wannan ra'ayi na cewa tunda direbobi ne ke biya, kuma akwai dubban gadoji da ke neman gyara, bai dace a ɗauki kuɗin a kashe wa masu keke ba, balle a rage wa motoci hanya. A ganinsu garin da ke son hanyar keke sai ya gina da kuɗinsa. Gaskiya ne kuma cewa waɗanda ke zuwa aiki da keke a Amurka ba su kai kashi 1 cikin 100 ba.

Masu adawa na mayar da martani da abu biyu. Na farko, tun 2008 harajin man ya daina isar asusun, majalisa na cike giɓin da kuɗin baitulmali na kowa da kowa, har da na wanda bai taɓa mallakar mota ba. Na biyu, ƙarancin masu hawa keke sakamako ne na rashin hanya mai aminci, domin ba wanda zai tura ɗansa makaranta a kan keke ta titin da babu gefe. Sannan cewa gari ya gina da kuɗinsa magana ce da ke yi wa Mountain Brook daɗin ji, amma a Fairfield ma'anarta ita ce ba za a gina ba.

Ko ƙungiyoyi za su cike giɓin?

Lissafin ba ya goyon bayan haka. Ɗaya daga cikin rassan Rotary mafiya girma da arziki a duniya ya tattara ƙarfinsa domin bikin da ba ya zuwa sai sau ɗaya a shekara 100, ya samar da mita 800. Abin da Fairfield ta rasa a takarda guda ya ninka wannan kyauta fiye da sau uku.

Ƙungiyoyin kansu ba sa kan ganiyarsu. Adadin ƴan Rotary a duniya ya tsaya a wajen miliyan 1.2 fiye da shekara 20, kuma abin da ya riƙe shi shi ne ƙaruwar mambobi a ƙasashe irin su Indiya, yayin da a Amurka suke raguwa suna kuma tsufa. Masanin jami'ar Harvard Robert Putnam ya bayyana wannan koma baya na ƙungiyoyin sa kai tun a littafinsa na shekarar 2000. Matashin da ke aiki biyu don biyan haya ba shi da lokacin cin abincin rana na awa ɗaya da rabi kowane mako, kuma ƙananan rassa a garuruwan da masana'antu suka mutu su ne suka fi rufewa.

Akwai kuma batun inda kyauta kan sauka. Mai bayarwa yana son aikin da za a gani, a sa masa allo, a yanke kyalle. Tsakiyar birni da gindin Vulcan sun cika wannan sharaɗi, kuma nan ne mambobi ke da ofisoshi da gine-ginen da darajarsu kan ƙaru idan unguwa ta gyaru. Ba laifi ba ne mutum ya gyara ƙofar gidansa, sai dai babu wanda ya zaɓi ƴan kulob, babu kuma wanda zai iya tuhumarsu idan suka tsallake wata unguwa. Hukumar tsare-tsare, duk da jan ƙafarta, dole ne ta buga jerin ayyukanta, ta kira taron jin ra'ayin jama'a, ta amsa tambaya. Haka nan gyaran kwalta, yankan ciyawa da canza fitilu na shekara da shekaru ayyuka ne marasa allo, waɗanda a ƙarshe sukan koma wuyan hukumar gari.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san yadda ƙungiyoyin ci gaban gari da ƴan kasuwa ke gina aji ko rijiyar burtsatse a Maradi ko Damagaram. Aikin gayya na tayar da katanga cikin yini ɗaya, amma ba ya ɗaukar malami, ba ya sayen kayan gyaran famfo bayan shekara uku, kuma ba shi ne ke yanke ƙauyen da ya fi buƙata ba.

Abin da ake jira

Wa'adin dokar manyan ayyuka ta 2021 zai ƙare ranar 30 ga watan Satumban 2026, kuma majalisar dokokin Amurka ce za ta rubuta wadda za ta gaje ta. A nan ne za a san ko kason hanyoyin keke da na ƙafa, wanda ya kai kimanin dala biliyan 1.4 a shekara, zai tsira, da kuma ko za a ci gaba da ɗauke wa garuruwa matalauta nauyin kawo nasu kaso. Alabama jiha ce da ƴan jam'iyyar Republican ke riƙe da kujerunta biyu na majalisar dattawa, kuma da yawa daga cikin masu zama a teburin Rotary da Kiwanis mutane ne da waɗannan ƴan majalisa ke saurara. Idan akwai abin da ƙungiyoyin za su iya yi wa Fairfield wanda ya fi ƙarfin aljihunsu, to wannan kusanci ne.

Kamin nan, da'irar kilomita 58 na nan a takarda da giɓi a yammacinta. Mai keken da ya taso daga ƙarƙashin allon Rotary yana da shimfiɗaɗɗiyar hanya zuwa unguwar Avondale ta gabas. Ɗalibin kwalejin Miles da ke son isa hanyar High Ore Line, wadda ta tashi daga maƙwabcin garin Midfield zuwa Red Mountain, shi har yanzu sai ya raba titi da motoci.